Yadda za a riƙe jerin gwamnonin New York ba tare da ruɗewa ba

A hirar da muka yi kan gwamnonin jihar New York, shawarar da ta fi yawa ita ce kada mutum ya bi shekarun zaɓe kawai, don tun daga 1983 sau biyu mataimaki ya gaji kujerar wa'adi bai ƙare ba.

George Pataki na jam'iyyar Republican ya yi shekara 12, daga 1995 zuwa 2006, domin jihar ba ta ƙayyade yawan wa'adi. Eliot Spitzer ya karɓa a 2007, amma ko shekara biyu bai cika ba ya yi murabus a watan Maris 2008 kan badaƙalar karuwai. Mataimakinsa David Paterson ya hau, baƙar fata na farko a kujerar, ga shi kuma da larurar gani.

Wani dattijo ya ja kunne: gwamnoni masu suna Cuomo biyu ne. Mario uban, 1983 zuwa 1994. Andrew ɗan, daga 2011. Ni ma na taɓa cakuɗa su. Andrew ya sauka a Agustan 2021 bisa zargin cin zarafin mata, mataimakiyarsa Kathy Hochul ta gaje shi, mace ta farko, sannan ta ci zaɓen 2022 da ƙuri'unta.