Neman kalma: me za mu kira wasan da Alysa Liu ta ci kambunsa a Boston?

Mai Shirin Wasanni:
Salamu alaikum malamai da iyayen zaure. Ranar Asabar da safe zan naɗi shirin wasanni, kuma na ware minti shida don Alysa Liu, Ba'amurkiyar da ta ci gasar duniya ta figure skating (wasan tsalle da juyi a kan ƙanƙara ana kiɗa) a Boston a ƙarshen Maris ɗin nan na 2025. A Janairun 2019, a Detroit, ta ci gasar Amurka tana da shekara 13, kafin ita ba a taɓa samun mace mai ƙarancin shekarunta da ta ci ba. Ta maimaita a 2020. Ta je Olamfik na Beijin a 2022, ta samo tagulla a gasar duniya ta Montpellier a Faransa, sai kawai a watan Afrilu, tana 'yar shekara 16, ta ce ta jingine takalmi. Ta tafi jami'a abinta. A 2024 ta dawo, ga shi yanzu tana da shekara 19 ta kayar da Kaori Sakamoto ta Japan, wadda ta riƙe kambun shekara uku a jere. Rabon da wata Ba'amurkiya ta ci shi tun 2006.

Sunan wasan ne ya tsaya mini. Na rubuta "wasan zamiya a kan ƙanƙara", shugaban sashenmu ya dawo mini da takardar, ya ce duk wasannin hunturu haka muke ce musu, mai sauraro ba zai bambance ba. Ina kuma neman sunan takalmin, da tsallen da ake kira Axel, da juyin da suke yi a tsaye wuri ɗaya. Ku taimaka kafin daren Juma'a.

Ɗan Kurmi:
Wa alaikumus salam. Ki ce rawar ƙanƙara ki huta. Da kiɗa ake yi, da kwalliya ake fitowa.

Yayarku a Kanada:
Ƙanwata, kada ki ɗauki rawar ƙanƙara. Rukuni huɗu ne a wasan nan: na maza ɗaiɗai, na mata ɗaiɗai, na biyu-biyu, sai na huɗu wanda sunansa ma rawa ce, mace da namiji suke yi, kuma ba a yin manyan tsalle-tsallen nan a cikinsa. In kika ba uwar sunan 'yarta, ranar da labarin 'yar ya zo me za ki ce? A bar wa na huɗun rawar ƙanƙara, ya dace da shi.

Ɗan Kurmi:
To a ari kalmar kawai, a ce siketin.

Malamar Hausa:
Ɗan Kurmi, faɗi "gasar siketin mata" da ƙarfi ka ji. Duk mai sauraro zai ɗauka gasar ɗinki ce. Siket ya riga ya kama wurin.

Ni zamiya nake gani ita ce uwa, sai a ɗora mata abin da zai bambanta ta: zamiyar tsere ga masu gudu a fili, zamiyar tudu ga masu gangarowa daga duwatsu a kan dusar ƙanƙara. Wannan kuma ko zamiyar zane, tunda kalmar farkon ta Turancin, wato figure, a nan ta dosa.

Yayarku a Kanada:
Malama, asalinsa haka ne. Da can ana sa ɗan wasa ya zana siffofi a kan ƙanƙara da bakin takalminsa, irin siffar lamba 8, alƙalai su sauko su duƙa su duba sawun. Amma an soke wannan sashen daga gasannin duniya tun 1990. Alysa a 2005 aka haife ta, ba ta taɓa cin maki da zane ba. Su Turawan sunan ya maƙale musu ne, mu da muke raɗa sabo ba dole mu gaji wannan ba.

Baba Mai Ƙamus:
'Ya'yana, duk kuna ta ɗaure kalma biyu uku da igiya. Harshe mai rai kalma ɗaya yake haifa. Zamiya da ƙanƙara, a haɗa: zanƙara. Mai yi mazanƙari, mace mazanƙariya, jam'i mazanƙara, wurin yi mazanƙara ita ma, kamar yadda muke da makaranta da masaƙa. "Ta zanƙara sau biyu ta ci zinare." Gaɓa uku ce, tana hawa harshe, tana karɓar duk ƙirar da Hausa take yi wa aikatau. Wace ce cikin naku za ta haifi 'ya'ya haka?

Mai Shirin Wasanni:
Allah ya ƙara girma Baba. Ƙirar ta burge ni. Tsorona ɗaya, in na faɗe ta sai na ɓata rabin minti ina bayaninta.

Baba Mai Ƙamus:
'Yata, rabin minti ne yau, gobe ba sai kin yi ba. Wa aka haifa da sanin "na'ura mai ƙwaƙwalwa"? Rediyo ce ta koya wa mutane. Ku da ke riƙe da makirufo ku ne maƙeran harshe a zamanin nan, in kun ji tsoro wa zai ƙera?

Nas a Asibiti:
Baba, a gafarce ni. A rediyo, da ƙarar injin niƙa ko ta Keke Napep, zanƙara da sankara kunne ba zai raba su ba. Ga kuma sanƙarau a gefe. "Yarinya 'yar shekara 13 ta yi fice a zanƙara." Ni da nake zama da matan da aka gaya wa suna da sankarar mama, gabana ne zai faɗi kafin in gane wasa ake nufi.

Baba Mai Ƙamus:
Z daban, s daban, ƙ daban, k daban. In mai karanta labarai ba ya iya fitar da ƙ, laifin makarantarsa ne. Da wannan hujjar sai mu jefar da kafa saboda ƙafa, mu jefar da baki saboda baƙi.

Malamar Hausa:
Allah ya gafarta Malam, waɗancan mun tashi da su, jimla ce take raba mana su. Sabuwar kalma ba ta da wannan gatan, kunne zai kai ta gidan da ya sani ne. Sannan irin wannan yanke kan kalma a liƙa wa gindin wata ba tsohuwar hanyarmu ba ce. Mu harɗa kalmomi muke yi: jirgin sama, ƙwallon ƙafa, gidan waya, farar hula.

Baba Mai Ƙamus:
Shi ya sa jimlarmu take yin kamu goma inda ta wasu take yin ɗaya, yaranmu kuma suna gudu zuwa Turanci don ya fi sauri. Ni kishin harshen nan ne yake ci na.

Ɗan Damagaram:
Ina gaisuwa. Mu nan da Faransanci muka fara jin wasan, patinage artistique, wato su fasahar suka ambata, ba zane ba. Shi ya sa nake ganin a ce zamiyar gwaninta. Amma ina da ƙorafi. Kullum a zauren nan sai an gama yanke magana tsakanin Kano da Zariya sannan a tuna akwai mu. Shirinki, Malama, ana kama shi a waya har Maraɗi da Damagaram. Hausa ba ta tsaya a Jibiya ba.

Ɗan Kurmi:
Malam, ba wanda ya hana ku magana. Amma daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta, wannan ba ni na tsara ba.

Ɗan Damagaram:
An gina rubutu a kai, ba a ce ku kaɗai za ku raɗa suna ba. Ku ce mako, mu ce sati, wani ya ce bakwai, duk an fahimci juna.

Ɗan Kurmi:
Sati ai mu ma muna cewa.

Baba Mai Ƙamus:
Sati aro ce daga Turanci, ku biyun duka kuna cin bashi. Ga zanƙara nan, ba ta Kano ba ce, ba ta Damagaram ba ce, ba ta Bature ba ce.

Tsohon Ɗan Jarida:
Jama'a, baiwar Allah nan Juma'a ce wa'adinta. Ni abin da nake so a lura da shi, zamiya ta riga ta zauna a kunnen mutane. A 2018, da matan Najeriya uku suka je Olamfik na hunturu a Koriya ta Kudu da amalanken ƙanƙara, da ita muka yi ta bayani. Kada a rushe abin da ya kafu. A ƙara mata kalma ɗaya kawai. Ni da zamiyar ado zan ce, ko zamiyar ƙwalisa.

Yayarku a Kanada:
Ranka ya daɗe, a nan ne zan ja da kai, kuma da zuciya ɗaya. 'Yata tana koyon wasan nan, ina zama a gefen fili cikin sanyi ina kallon yadda yara suke faɗuwa su tashi. Ado shi ne abin da ido yake fara gani, amma ba shi ake aunawa ba.

Ƙarƙashin takalmin ƙarfe ne siriri, faɗinsa kamar milimita huɗu, tsakiyarsa da ɗan kwarmi, don haka baki biyu gare shi, na ciki da na waje. A gaba akwai haƙora da ake cakawa a ƙanƙara a tashi sama. Tsalle iri shida ne, kuma da bakin da aka tashi da shi, da ko an caka haƙoran ko ba a caka ba, ake bambanta su. In ka tashi da bakin da ba shi ba, alƙalai za su maimaita bidiyo su rage maka maki. Biyar daga ciki da baya ake tashi, da baya ake dira. Axel ne kaɗai ake tashi ana fuskantar gaba, a dira da baya, shi ya sa yake da ƙarin rabin juyi. Wanda ake ce wa mai uku, juyi uku da rabi ne a iska, cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, a sauko a kan ƙafa ɗaya. Alysa tana 'yar shekara 12 ta yi shi a gasar ƙasa da ƙasa. A 2019 ta yi tsallen Lutz mai juyi huɗu, ita ce Ba'amurkiya ta farko da ta dira shi a gasa. Sannan sau biyu ake fitowa, gajeren zagaye na minti biyu da daƙiƙa 40, da dogo na minti huɗu, ana haɗa makin. A minti na ƙarshe ƙafa ta mutu, kuma dole fuska ta nuna ba komai.

Abin da ya sa nake damuwa da sunan shi ne, wasan nan yana cin yara. Jikin ƙaramar yarinya ya fi saurin juyawa, don haka ake matsa musu tun kafin su girma. Bayan rikicin Kamila Valieva ta Rasha, 'yar shekara 15 da aka samu haramtaccen magani a gwajinta, hukumar wasan ta duniya ta yanke a 2022 cewa za a ɗaga shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17. Ita Alysa ta ci Amurka duka a lokacin da shekarunta ba su isa ta je gasar duniya ta manya ba. Da ta kai 16 ta gaji, ta ce tana son rayuwa irin ta sa'o'inta. Da ta dawo, ta koma wurin tsofaffin masu horar da ita, amma da bakinta a zaɓen kiɗa da sutura da yadda za a yi atisaye. Kuma a Boston ba ta yi Axel mai uku ba, ba ta yi tsalle mai juyi huɗu ba, tsabtar aiki ce ta ba ta. In aka kira duk wannan ado, an zalunce ta. Gwaninta ta Malam na Damagaram ta fi kusa da gaskiya.

Tsohon Ɗan Jarida:
Hajiya, na janye ado. Sai dai gwaninta a kowane wasa akwai ta. Mai tsere ma gwani ne.

Malamar Hausa:
Akwai, amma Bahaushe in ya ce "wasan gwaninta" ya san abin da yake nufi: wanda ake fitowa a nuna, alƙalai su ba da maki, ba wanda ake rige-rige ba. Zamiyar gwaninta da zamiyar tsere, kowace ta tsaya da ƙafarta. Mai yi kuma 'yar zamiya, ɗan zamiya, kamar ɗan dambe.

Juyin tsaye wuri ɗaya, ki ce juyin katantanwa. Duk wanda ya taɓa murza katantanwa a ƙasa yana yaro zai gan shi a idonsa. Axel kuwa sunan mutum ne, Axel Paulsen ɗan Norwe, da ya fara yin sa a 1882. Tsallen Lutz da na Salchow su ma sunayen mutane ne. Suna ba a fassara shi. Ki rubuta tsallen Aksal, ki ce mai juyi uku da rabi. Kuma gwarzuwar duniya za ki ce, ki bar wa maza zakara.

Ɗan Kurmi:
Takalmin kuma takalmin wuƙa.

Yayarku a Kanada:
Wuƙa baki ɗaya gare ta, kuma mai sauraro zai zaci makami ne. Takalmin kaifi ya fi.

Ɗan Damagaram:
Takalmin zamiya bai isa ba? Sai mai taya ya zo a ce mai taya.

Baba Mai Ƙamus:
Da kun karɓi tawa, mazanƙari ne sunansa, kamar mabuɗi da matsefi, an gama. Yanzu ga shi kuna neman suna na biyar. Zamiyar gwaninta a kan ƙanƙara, gaɓa goma sha ɗaya. Ku ƙirga.

Mai Shirin Wasanni:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Ga yadda na buɗe: "Alysa Liu, 'yar shekara 19, ta zama gwarzuwar duniya a zamiyar gwaninta a kan ƙanƙara, shekara uku bayan ta jingine takalmi." Sau ɗaya zan faɗi "a kan ƙanƙara", daga nan sai zamiyar gwaninta kawai. Na ɗauki juyin katantanwa da tsallen Aksal. Yaya, da izininki zan yi amfani da bayaninki na shekarun yaran, shi ne zuciyar labarin. Takalmin na sa "takalmin zamiya mai kaifi" tukuna. Shugaban sashe ya karanta, ya ce gwaninta ba ta gama kwanta masa ba, amma a tafi da ita zuwa Olamfik na Milan a Fabrairun 2026 a ga ko za ta zauna.

Baba, zanƙara ban iya sa ta a iska ba saboda maganar Nas.

Baba Mai Ƙamus:
Allah ya ba da sa'a, 'yata. Gwaninta Hausa ce, ban ce ba Hausa ba ce. Amma ban yarda an gama ba. Ni a rubutuna zanƙara zan ci gaba da sawa, kuma kafin Milan zan kawo muku sunayen tsallen nan shida da Hausa.

Malamar Hausa:
Uku daga ciki sunayen mutane ne, Malam. Kawo mana na sauran ukun mu duba.