Abin da waɗanda aka ɗaure wa ciki da zobe suka ce

Waɗanda aka yi wa tiyatar ɗaure saman tumbi da zoben silikon don rage ƙiba sun tattauna, kuma bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa zoben ba ya aiki shi kaɗai.

A kwanakin farko bayan tiyatar, da yawansu sun yi kukan ciwon kafaɗa, daga iskar da ake hura wa ciki lokacin aikin. Ɗan tattaki a ɗaki yana rage shi. Wajen mako 2 sai abu mai ruwa-ruwa, sannan mai laushi, kafin a koma abinci sosai wajen mako na 6.

Inda aka fi daɗewa shi ne cin abincin kansa. Loma ƙarama, a tauna har ta narke, a ajiye cokali tsakanin loma da loma. Burodi da busasshen nama sukan maƙale a ƙirji, yawu ya cika baki. Kada a haɗa ci da shan ruwa. Lemon kwalba kuwa zurarewa yake ta zoben, ƙiba ta dawo.

Shawarar da ta fi taɓa ni: yawan amai da ƙwannafi cikin dare ba abin daurewa ba ne. Wataƙila zoben ya matse ko ya goce. A koma wa likita ya duba, ya rage ruwan gishirin da ke cikin zoben, wanda ke sa shi matsewa, ta wani ɗan maɓalli da aka dasa a ƙarƙashin fata lokacin tiyatar.