Wa ya san masauki mai kicin kusa da asibitin koyarwa?

Maman Ikram: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Ranar Lahadi in sha Allah za mu taso daga Kontagora da Hajiyarmu, an ba ta ranar ganin likitan laka a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Da hoto da gwaje-gwaje da jiran sakamako, an ce mu shirya wa kwana goma. Mu huɗu ne: ni, Hajiya, ƙanina da zai tuƙa mu, da 'yar goyo. Otal ba zai yi mana ba, Hajiya na da hawan jini, ba ta cin abincin saye. Irin gidajen nan nake so da ake bayarwa na kwanaki, ɗaki biyu da falo da kicin, a cikin unguwa. Ba na manyan mutane ba, ba kuma na da-na-sani ba.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Allah shi ba Hajiya lahiya. Asibitin ga Gawon Nama yake, bisa titin Garba Nadama, don haka ki tsaya nan kusa: Gawon Nama ɗin kanta, ko Arkilla, ko Gwiwa. Kina iya zuwa asibiti ki komo gida ki ɗora tukunya ki sake komawa.

Ɗan Mabera: Amin. Ku duba Mabera ma, kuɗin ya fi sauƙi, ga kasuwa da masu kayan miya har bakin ƙofa.

Anti Nas: Haba Ɗan Mabera, kai dai ko'ina aka ce sai ka ja mutane unguwarku. Mai ciwon baya za a riƙa ratsa gari da ita safe da yamma? Abin da aka rage na haya a mai zai tafi. Maman Ikram, ni a asibiti nake aiki, kuma abu ɗaya zan roƙe ki: ɗakin ƙasa. Ko kyauta aka ba ku bene kada ki karɓa. Ki kuma tambayi irin masan da ke banɗakin, na zama ne ko na tsuguno, da ko tayil ɗin na santsi. Ki taho da kujerar roba ta wanka, ba ta cin wuri a but.

Ɗan Mabera: Na janye, Anti. Ban lura da zancen bayan ba.

Malam Injiniya: Ni zancen wuta zan yi, domin nan ne na sha wuya. Bara, ƙarshen Afrilu kamar yanzu, baƙina suka zo ɗaurin aure daga Bauchi, na kama musu irin wannan gida a wata unguwa da ba sai na faɗa ba. A hoto ba ka da abin cewa: kujeru masu laushi, labule har ƙasa, talabijin ya cinye bango. Mai kula da wurin ya ce mini "wuta awa ashirin da huɗu, muna da sola." Ban ƙara tambaya ba, laifina ke nan.

Na kwana tare da su daren farko. Wajen ƙarfe ɗaya aka ɗauke wuta, esi ya yi tsit. Fitila na ci, fanka na juyawa, to amma iskar da take hurowa kamar ka tsaya bakin tandar mai burodi. Gidan a saman bene yake, dakalin rufin ya sha rana tun safe, da dare yake amayo ta. Na sauka na tashi maigadi, ya ce janareta sai manaja ya ba da izini, manaja kuma wayarsa a kashe. Haka muka jiƙa tawul muka shimfiɗa a kan tayil, dattijon da ke cikinmu ya fita da tabarma baranda sauro ya yi biki da shi.

Ashe solar tasu ta fitila da fanka da cajin waya ce kawai. Esi ɗaya mai doki ɗaya da rabi yakan ja sama da wat 1,000, ƙaramar inbata ba ta ɗaukarsa dare guda. Shi bai yi ƙarya ba, akwai wuta. Wutar ce ba ta kai inda muke bukata ba. A garin da zafi ke wuce digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, ki yi tambayar dalla-dalla: in an ɗauke wuta, me ke riƙe esi? Ƙarfe nawa ake tada janareta, ƙarfe nawa ake kashewa? Man a cikin kuɗin yake ko daban? In sun ce miki suna layin Band A, wanda aka ce yana samun wuta awa 20 a rana, ki ce madalla, sauran awa huɗun fa?

Maman Ikram: Innalillahi. Wallahi da hoton zan bi. Akwai wanda na gani a Facebook har na kusa tura rabin kuɗi, wai don kada wani ya riga ni.

Baban Sadik: Kak ki tura ko kwabo. Wanda bai ga wuri da idonai ba, ba shi biya. Akwai dillalan da ba su taɓa taka gidan da suka ɗora hotonai ba.

Hajiya Inna: Wai ni mi nika ji haka? Ɗiyata, ki zo Sakkwato da marar lahiya ki kama haya kamar ba ki da kowa? Mu da munka tashi, baƙo ko daga ina yaz zo, zaure aka buɗe mai. Gidana na Runjin Sambo, ɗiyan duk sun yi aure, ɗakuna biyu na nan ba kowa ciki. Ku taho.

Maman Ikram: Allah ya saka da alheri Inna, ya bar zumunci. Wallahi har na ji ƙwalla. Sai dai kin san halin tsofaffi da kunya. In muka sauka gidan mutane, Hajiya ba za ta iya cewa a rage gishiri ba, ba za ta iya tashi banɗaki sau biyar da dare ba tare da ta takura kanta ba, ciwo na cin ta za ta ce lafiya lau. Shi ya sa yayyena suka haɗa kuɗin masaukin.

Hajiya Inna: To na ji, ba don na so ba. Amma hura da nono na rana daga gidana za shi hito, wannan ba shawara ta ba.

Uwar Biyu: Inna ta gama magana. Ni kicin zan ja miki kunne a kai, don sau biyu ina sauka irin wuraren nan in na zo daga Gusau. Abin da suke kira kicin wani lokaci tukunya ɗaya ce mai siririn gindi, da cokali uku, da wuƙar da ko albasa ba ta yankawa, a garin albasa kuwa. Ki taho da tukwanenki biyu, muciya, ludayi da wuƙarki. Ki ɗaga tukunyar gas ɗin ki ji nauyinta a gaban mai ba ki makulli, ki tambaya wa ke cikawa in ta ƙare. Ni tawa ana tsakiyar tuwo ta mutu.

Sannan kuɗin ajiya da suke karɓa saboda ɓarna. Ranar da za mu fita aka ce kofi ɗaya ya tsage, rimot ba murfi, aka zaftare mini kusan rabi, alhali haka na same su. Karo na biyu ina shiga na ɗauki bidiyon komai, har ƙasan kujera, na tura wa manajan a take. Kuɗina cif aka mayar mini. A rubuta adadin a rasit.

Anti Nas: Da ruwa. Tankin a sama yake, da azahar ruwan famfo sai ya ƙona hannu. Ki tara na wankan Hajiya a bokiti tun asuba ki ajiye a banɗaki. Ki tabbatar kuma suna da burtsatse nasu, ba jiran 'yan ga-ruwa ba.

Ɗan Mabera: A tambayi maigadi ko ana ba samari wurin su yi shagalin zagayowar haihuwa. Gidan cikin unguwa daɗinsa shiru, ga masallaci kusa, ga mai shago ya san ka kwana biyu. Amma in aka haɗa ku da masu kiɗa a ɗakin gefe ranar Asabar, kun ga ta kanku. Maigadi zai faɗa maka gaskiya, manaja ba zai faɗa ba.

Baban Sadik: Akwai wani ga Arkilla da surukaina sunka zauna mako guda watan azumi, ɗakin ƙasa, da wurin aje mota cikin gida, kuma ba su yi kukan wuta ba. Ban san ko shina hannun mutanen da ba. Gobe in na taso aiki ni biya. Da gangan zan tai ƙarhe biyu na rana, in taɓa bango in buɗe famfo.

Malam Injiniya: Ka sa su kashe wutar layi a gabanka su kunna esi, ka tsaya minti goma. Ka leƙa ɗakin baturan ka turo mini hoto, zan gaya maka abin da za su iya.

Maman Ikram: Na rasa bakin godiya. Hajiya na gefena ina karanta mata, ta ce in tambaya ko Hubbaren Shehu na da nisa, wai ba za ta zo Sakkwato ta koma ba ta yi ziyara ba.

Hajiya Inna: Cikin tsohon gari yake, kusa ga fadar Sarkin Musulmi. In likita ya yarda, ni da kaina ni ka kai ta da sanyin sahiya. Ku taso da wuri dai, ku wuce Yawuri da Koko da Jega da rana tsaka, kada dare shi yi muku bisa hanya. In kun kawo Bodinga ki kira ni in aza sanwa.

Baban Sadik: Maman Ikram, turo man lambar ƙanin naki ta gehe, in na ga wurin shi zan kira.