Neman kalma: me za mu kira "slang" a shirin gobe?

Mai Shirin Dare: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe 9 na dare zan gabatar da shiri kan yadda Turanci ke canza kama daga gari zuwa gari, kuma dole in miƙa rubutun kafin azahar. A Ingila "pants" ɗan kamfai ne, a Amurka wando ne. Abin da Bature ɗan Landan ke kira "chips", wato soyayyen dankalin Turawa, Ba'amurke "fries" yake ce masa. A Ostireliya kuwa "arvo" suke kiran yamma. Kalmar "slang", wato kalmomin hira da matasa ko 'yan wani rukuni ke yi a tsakaninsu, ita ce ta tsaya mini. Ba na son in faɗe ta da Turanci a kan iska. Malamai, a taimaka.

Malamar Hausa: Wa'alaikumus salam. Sara. Ita muke koyarwa, ita ɗalibai ke rubutawa a jarrabawa. Amma Malam, ka haɗa kaya biyu a buhu ɗaya. "Pants" da "chips" ba sara ba ne, karin harshe ne, domin tsoho da yaro, malami da jahili, duk haka suke faɗa a ƙasarsu. "Arvo" ce kaɗai ta kusanci sara a misalanka.

Ɗan Damagaram: Gaskiyar Malama. Mu nan mato muke cewa, ku ku ce mota. Yaro ya tafi lakwal, ku ku ce makaranta. Ba wanda zai ce sara muke yi.

Kawun Zaure: Sara? In ka ce sara a rediyo, mutumin ƙauye gatari zai hango, ko maciji. Na Bauchi da Jos kuwa 'yan sara-suka za su faɗo masa a rai. Ni na daɗe da ƙirƙiro kalma: Titanci. Maganar titi. Kamar yadda aka samu Kananci da Turanci.

Malamar Hausa: Kawu, kunnen Bahaushe ba ya ruɗewa a nan. Muna cewa saran maciji, muna cewa sabuwar sara. Ɗaya namiji, ɗaya mace, kuma karin sautinsu daban. Rediyo ma ya fi takarda sauƙi, tunda murya za a ji.

Kawun Zaure: 'Yata, Titanci ta fi fita. Kowa ya ji ya gane.

Mai Fassara: Kawu, a gafarce ni, ba duka a titi ake haifarta ba. Sojoji na da tasu, ɗaliban jami'a na da tasu. Kalmar "rizz", wadda masu ƙamus na Oxford suka zaɓa kalmar shekarar 2023, a intanet ta yaɗu, ma'anarta iya jan hankalin wanda kake so. Wane titi ke nan? Ni na fi karkata ga zaurance. Dubi abin da mutanen gabashin Landan, wato Kokni, suke yi. Suna son cewa matakala, "stairs", sai su ce "apples and pears" don amon ƙarshensu ɗaya ne. Daga baya su yar da rabin, su ce "apples" kawai. Waya kuma "dog and bone". Baƙo zai ji ana zancen tuffa da kare, bai san matakala da waya ake nufi ba.

Malamar Hausa: Wannan na Kokni ka samu, ya yi kama da zaurance, domin ɓoye magana ake yi. To amma mutumin Boston ta Amurka da ke cewa "wicked good", yana nufin abu ya yi kyau matuƙa, me yake ɓoyewa? Zaurance reshe ne, ba zai ɗauki duka ba.

Tsohon Hedimasta: Ni duk wannan ɓata lokaci ne. A kira abin da sunansa: gurɓataccen Turanci. Mu Turancin Sarauniya aka koya mana. Ana neman suna mai daɗi don a halatta wa yara ɓarna, alhali ko wasiƙar neman aiki ba su iya rubutawa ba.

Mai Fassara: Yallaɓai, wane Turancin Sarauniya? A arewacin Ingila abincin dare "tea" suke kiransa, na rana kuma "dinner". A Sikotilan da yankin Niyukasil yaro "bairn" ne. Can aka haifi harshen, su ma gurɓatattu ne? A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da "okada" da "danfo" da "Kannywood". Masu harshen sun karɓa.

Tsohon Hedimasta: Ƙamus ya rubuta abu daban, abu ya zama daidai daban.

Basakkwace: Haka aka yi muna. Aka ɗauki Hausar Kano aka ce ita ce daidaitacciya, mu in mun ce ɗiya ko mi kaka so, sai a yi muna dariya a aji. Alhali manyan waƙoƙin Hausa na ƙarni na 19 daga ƙasarmu suka fito.

Ɗan Damagaram: Ku ma da sauƙi. Mu in mun yi magana cewa ake Faransanci ya ɓata mana baki, masu cewa kuwa rabin zancensu Ingausa ne.

Kawun Zaure: Shi ya sa na ce Titanci. Ba ta Kano ba ce, ba ta Sakkwato ba ce, sabuwa ce fil, kowa nasa ne.

Mai Shirin Dare: Jama'a, don Allah, azahar ta kusa. Ga yadda na tsara. Bambancin Ingila da Amurka da Ostireliya zan kira shi karin harshe. "Rizz" da "arvo" zan ce sara, in ƙara da "wato kalmomin yayi" a karon farko saboda damuwar Kawu. Na Kokni zan ce wani irin zaurance ne. Yallaɓai, zan faɗa wa matasa cewa ba a sa sara a takardar jarrabawa ko ta neman aiki.

Malamar Hausa: Ya yi. Sai dai "yayi" na nuna abu mai wucewa, na Kokni kuwa tun ƙarni na 19 ake yinsa. Kada ka jingina ta a kansa.

Tsohon Hedimasta: In za ka faɗi gargaɗin, ka faɗe shi a farko, ba lokacin da mutane suka yi barci ba.

Kawun Zaure: To, ku yi sararku. Amma Malam, in an buɗe layin waya, ka ambaci Titanci ko sau ɗaya ne, mu ji abin da masu sauraro za su ce.

Mai Shirin Dare: In lokaci ya bari, Kawu. "Wicked" fa, Malama, sara ce ko karin harshe?

Malamar Hausa: A Boston ta zauna, ka sa ta a karin harshe. A bakin samarin Landan sara ce. In ba ka da minti biyu na bayani, cire ta.