Wai kwana a caji ne ke kashe batirin waya?

Kawu Lawan: Salamu alaikum. Ummi na ga hoton da kika turo, bayan wayarki ya ɗago kamar burodi. Tun yaushe nake faɗa muku ba a barin waya ta kwana a caji, kuma sai ta mutu murus ake jona ta. Ni Nokia 3310 ɗina haka na riƙe ta shekara da shekaru.

Ummi: Wa alaikumus salam Kawu, wallahi ba yadda zan yi ne, a unguwarmu sai tsakar dare ake kawo wuta, in ban jona na kwanta ba haka zan wuni da waya a mace

Yaya Bashir: Kawu Allah ya ƙara girma, amma dokar nan ta zamanin da ce. 3310 da ta fito a 2000 batirinta na nikel ne, shi ake cewa a bari ya ƙare tukuna. Na yanzu kuwa, Tecno ne, Infinix ne, Samsung ko iPhone, duk litiyom ne, kuma shi ba abin da ya tsana irin a riƙa sauke shi zuwa sifiri kullum.

Kawu Lawan: To kwana a cajin fa?

Yaya Bashir: Da ta kai 100 wayar da kanta take yanke wutar, ba bokiti ba ce da zai tumbatsa.

Abba: Yaya a nan fa ban yarda da kai duka ba, Kawu na da rabin gaskiya. Zaman batir a 100 na awanni yana gajiyar da shi a hankali, shi ya sa tun 2019 Apple suka sa iPhone ta riƙa tsayawa a 80 sai dab da lokacin tashinka ta ƙarasa, Samsung ma suna da wajen da za ka kunna ya hana ta cika. In babu illa me ya kai su?

Kawu Lawan: Yauwa ɗan albarka.

Yaya Bashir: Akwai illa, ban musa ba, amma ba ita ke kumbura batir cikin shekara ɗaya ba. Ni da nake zaune a kasuwar waya ta Farm Centre ina ɓalle bayan waya safe da yamma na san abin da nake gani, zafi ne. Ummi tsakaninki da Allah ina kike ajiye ta in kin jona?

Ummi: Ƙarƙashin filo, saboda kar su Hanifa su ɗauka da asuba

Yaya Bashir: To kun ji. Tana cikin kakkauran kes ɗin roba, an danne ta da filo, a ɗakin kwano, a Kano da watan Afrilu zafi ke haura digiri 40, alhali su Apple ɗin da Abba ya kawo su suka ce zafin da ya wuce 35 yana lalata batir har abada. Ga masu kallon TikTok tana caji, ka taɓa ta kamar dutsen guga.

Anti Hadiza: Ku ƙara da cajar bakin titi. Na taɓa sayen wata a go-slow, in ta jona allon wayar har rubutu yake da kansa.

Abba: Ni dai tawa a 80 na tsayar da ita.

Yaya Bashir: Kai da kake da sola a gida. Wanda bai san yaushe wuta za ta dawo ba ya cika abarsa, kawai ya cire kes ya ajiye ta a kan tayil ko siminti. Ummi ke kuma kar ki sake jona wannan, kumburarren batir yana kamawa da wuta, kar ki danna shi kar ki huda, kashe ta ki ba Abba ya kawo min shago gobe.

Ummi: To Yaya, kuɗin batirin fa?

Kawu Lawan: Shi zai biya tunda shi ne malami. 3310 ɗin nan tana cikin durowa, in kina so a aiko miki kafin nan.