"Mai wuri ya zo, mai tabarma naɗe": raini ne ga mai riƙon ƙwarya?

Ɗan Gangare: Salamu alaikum jama'a. Wannan karin magana tana damuna. Ban taɓa jin an faɗe ta ba sai don a muzanta wanda ya riƙe wa wani kujera. Mutum ya sha rana, ya sha zagi yana riƙon ƙwarya, ranar da mai abu ya dawo sai a bi shi da ita ana dariya. Ina adalci a nan?

Baba Na-Dilimi: Wa'alaikumus salam ɗana. Sake saurarenta da kyau. Ba a ce ya bar tabarmar ba, cewa aka yi ya naɗe abarsa ya tafi da ita. Wurin ne ba nasa ba. Nan Filato mun gani da idonmu. A Mayun 2004, bayan rikicin Yelwan Shendam, Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye, ya kawo Janar Chris Alli mai ritaya. Wata shida na cika, a Nuwamba, Dariye ya dawo, Janar ya tattara nasa ya nasa ya wuce. Wa ya ce ya ji kunya?

Malam Na-Rikkos: Baba ya yi gaskiya, sai dai muna cakuɗa mutane daban-daban a suna ɗaya. Wakili, mai abu ne ya tura shi da bakinsa. Ku duba wurin ɗaurin aure: ango na can waje cikin abokai, wakilinsa ya ce yana nema masa auren wance, waliyyi ya ce ya bayar, wakili ya ce ya karɓa, aure ya ɗauru. Na'ibi kuwa tsayayye ne, ko liman na nan shi na'ibi ne, ranar da liman ya yi tafiya ya shiga gaba. Shi mai riƙon ƙwarya, sau tari ba mai abun ne ya zaɓe shi ba. Dariye bai aiki Janar ba. Karin maganar ta mai riƙo ce, ba a faɗa wa wakili ita.

Auwalu Farin Gada: Allah gafarta Malam, ai wani lokacin mai wurin ba ya dawowa. Majalisa ta mai da Jonathan muƙaddashin shugaban ƙasa ranar 9 ga Fabrairun 2010, Allah Ya yi wa 'Yar'aduwa rasuwa 5 ga Mayu, riƙo ya zama mallaka. Ni waɗanda nake faɗa wa ita su ne kantomomin riƙo da gwamnoni ke ta sabunta wa wa'adi a ƙananan hukumomi, har sai da Kotun Ƙoli ta ce a Yulin 2024 kada a ƙara sakar musu kuɗin tarayya. Nan mai wurin talaka ne, shi aka hana zaɓe.

Maman Hafsa: Duk kun tafi siyasa, ku dawo cikin gida. Akwai wata maƙwabciyarmu a Unguwar Rogo da aka ba riƙon 'yar mijin yayarta tun ba a yaye ta ba, bayan uwar ta rasu. Ita ta goya ta, ita ta yi jinyar ƙyandarta, da kuɗin ƙosai ta saya mata kayan makaranta. Da yarinya ta isa aure sai dangin uba suka zo suka tafi da ita. Ranar kai amarya matar nan tana bakin murhu tana kwasar tuwo, ko sunanta ba a kira ba. Sai ga wata ta jefa mata wannan maganar. Wallahi har yau abin na ci mini rai. Ana cewa rashin uwa akan yi uwar ɗaki, to wadda ta zama uwar fa, wace tabarma za ta naɗe?

Ɗan Gangare: Yauwa Hajiya, abin da nake nufi ke nan. Baba, me za ka ce?

Baba Na-Dilimi: 'Yata, wadda ta faɗa mata haka ba ta san inda ake ajiye magana ba. Dangin uba suna da haƙƙin bayar da aurenta, ban musa ba. Amma da ni ne babba a gidan, sai an fara kai amaryar ɗakin matar nan ta durƙusa ta nemi gafara, ita za ta yi mata faɗan aure kafin a sa ta a mota.