Maganin feshi ya daina kashe sharon a gonata, ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina noman tumatir na rani, kuma tun bayan annobar sharon ta 2016, wato ƙwaron nan da tsutsarsa ke cin ganye da 'ya'yan tumatir, magani ɗaya na riƙe, wanda a da idan na fesa da yamma, kafin kwana biyu tsutsar ta mutu a cikin ganye. Bana na ƙara ma'auni, amma ganyen sai bushewa yake yi kamar wuta ta lashe shi, 'ya'yan kuma duk huji. Jabu aka sayar mini, ko in ƙara masa ƙarfi?

Malamin gona: Wa alaikumus salam Alhaji. Jabu yana yiwuwa, amma na fi zargin cewa tsutsar ce ta sauya. A cikin dubban tsutsotsi akan sami 'yan kaɗan da suka ƙyanƙyashe da wata siffa ta gado da ke hana maganin kama su, to duk feshin da ka yi yana kashe saura ya bar waɗannan, su kuma su hayayyafa su gadar wa 'ya'yansu siffar. Wannan ƙwaro, wanda asalinsa daga Kudancin Amurka yake, yakan tashi daga ƙwai zuwa girma cikin kusan wata guda a lokacin zafi, macen kuma tana iya saka ƙwai fiye da 200, shi ya sa cikin 'yan shekaru jikokin masu juriya suke cika gona. Ƙara ma'auni hanzarta wannan tacewar yake yi, ga cutar da mai feshi da mai ci.

Malamar kimiyya: Haka ya faru da kulorokwin. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro mai juriya ta yaɗu har Nijeriya ta sauya maganin farko a 2005.

Wani manomi: Yallaɓai, kada sauya sunan kwalba ya ruɗe ka, domin sau da yawa sinadarin ɗaya ne. Duba lambar rukunin sinadarin da ke jikin takardar kwalbar, ka yi wata guda da rukuni ɗaya sannan ka koma wani. Ka kafa tarkon ƙamshi mai jawo mazan, ka binne 'ya'yan da suka huje, ka ƙone karmami bayan girbi, kuma ku haɗa kai da maƙwabta, domin ƙwaron yana tashi daga gona zuwa gona.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan kawo hoton takardar kwalbar ku duba mini rukunin.